Raka'a ta Biyar a Masallacin Malam

Asabar, 3 ga Sha'aban 1409, bayan la'asar

Zafi ya shigo Jega da ƙarfinsa, ruwan randa ya koma kamar na wankan jego. Na tsince gero, na wanke wa Malam rawani, akuya ta cinye gefen tabarmar da na shanya. Na yafe mata, ciki gare ta.

La'asar ɗin yau raka'a biyar aka yi.

Ɗakina bango ɗaya ne da masallacin da Malam ke limanci. Akwai 'yar taga can sama, ta nan nake bin jam'i tun da aka kawo ni gidan nan. Na zauna tahiyar ƙarshe ina jiran sallama, sai na ji kabbarar ruku'u. Na zauna inda nake har suka gama. Masallaci cike da maza, ba wanda ya ce uffan.

Mai yiwuwa ni ce na ɓata lissafi. Zafi yana sa haka.

Litinin, 5 ga Sha'aban, bayan isha'i

Biyu, huɗu, huɗu, uku, huɗu. Alhamdu lillahi. Ashe ni ce.

Laraba, 7 ga Sha'aban, da hantsi

Ba ni ba ce. Magaribar jiya ta yi huɗu.

Da ya shigo cin tuwo yana cikin nishaɗi. Ya ce, "Malama, mi ya samu mutanen unguwar ga? Ina salla suna tari baya gare ni kamar awakin da suka shiga gonar barkono. Gado ladan ya hi kowa. Ki daka mai citta da kanumfari."

Na ce to. Na daka na ƙulla masa, da safen nan ya kai wa Gado da hannunsa. Sai da na shiga madafa na yi dariyar da ke cina. Daga baya hayaƙi ya sa ni hawaye, itacen ɗanye ne.

Tabaraunsa na samu cikin kwanon miya da aka wanke. Na mayar inda yake ajiyewa.

Juma'a, 9 ga Sha'aban, bayan azahar

Mairo ta shigo aron rariya. Ita ce matar Magaji, babban ɗalibin Malam kuma na'ibinsa. Ta karɓi rariya amma ta ƙi tafiya, tana ta jujjuya ta kamar mai neman ramin da ya fi girma.

Na ce, "Mairo, rariyar ba ta magana. Ke faɗi."

Ta ce, "Inna, maigidanmu ya koma salla bibbiyu. In ya dawo masallaci sai shi shige ɗaki shi sake. Ba shi kaɗai ba, dut unguwa haka aka yi."

Na tambaye ta me ya hana shi cewa Subhanallahi, kamar yadda ake tunatar da liman in ya yi rafkanuwa. Ta zaro ido.

"Inna, Malam na hwa. Shi ya raɗa mai suna, shi ya riƙa hannunai ya ɗora bisa allo, shi ya ɗaura muna aure. Da wane baki? Tari dai suka iya."

Wato duk wannan tarin girmamawa ne. Na ba ta rariya da ɗan daddawa, ta tafi.

Saura mako uku azumi. Asham raka'o'i ne masu yawa.

Lahadi, 11 ga Sha'aban, da yamma

Yaya Dije, yayar Malam, ta zo daga Aliero da buhun albasa da bakinta. Tun daga zaure ake jin ta. Sun gaisa, ya tambaye ta hanya. Aka kawo fura, ya sake tambayarta hanya. Da ya yi ta uku sai ta ajiye ludayi.

"Junaidu, hanya dai guda ta. Ba a ƙara mata tsawo ba tun da ka tambaya."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ita ce ba ta amsawa da kyau tun suna yara.

Da ya fita ta matso kusa da ni. Ta ce, "Barakatu, tun yaushe?" Na ce ban san abin da take nufi ba. Na yi istigfari a kan wannan, domin na sani. Ta ce a kai shi Aliero wurin masu ɗori, su da ke haɗa ƙashin da mota ta ragargaza.

Na ce, "Yaya, ai ba karaya ya yi ba."

Ta ce, "Kai ba ƙashi ba na? Su taɓa su ji inda ya goce."

Ta bar mini saiwa iri biyu da rubutun sha daga wani malamin Jiga Birni. Rubutun na karanta kafin a wanke, alheri ne, na ba shi. Saiwar na ajiye tukuna.

Litinin, 12 ga Sha'aban, bayan asuba

An aiko daga Maiyama. Yarinyar nan tamu ta fari ta sauka lafiya, namiji. Na samu sabon miji, an ce baƙi ne wuluk kamar kakansa.

Alhamis, 15 ga Sha'aban, bayan isha'i

Biyu, huɗu, biyar, uku, huɗu.

Nakan ce Subhanallahi in abin ya faru, amma a bakina yake tsayawa. Ko akuyar da ke bakin ƙofa ba ta ɗaga kai.

Litinin, 19 ga Sha'aban, bayan la'asar, a Maiyama

Suna ya yi kyau. Yaro ya ci sunan Salihu. Na ɗauke shi na gaya masa ba zan zauna da mijin da ba ya cefane ba, ya yi mini fitsari a zane. Mata suka ce ya biya sadaki.

Ƙanena Rufa'i, wanda ke aikin likita a Sakkwato, shi ya biyo ta Jega ya ɗauke mu a motarsa. Malam na gaba, ni a baya. Tun daga gadar Jega Malam ya ɗauko doguwar sura yana ja, ko wasali bai kuskure ba, har Rufa'i ya rage gudu don ya saurara. Muna wuce mararrabar Mungadi sai ya juyo ya ce, "Wai ina muka nuhwa?" Rufa'i ya gaya masa. Kafin mu shiga gari ya sake tambaya.

Bayan an watse Rufa'i ya ja ni gindin darbejiya, bayan masu tuƙin tuwo. Ya ce, "Yaya, ki hwaɗa min gaskiya." Na faɗa masa. Wannan ne karo na farko da na ji abin nan da kunnena yana fita daga bakina.

Zan rubuta abin da ya ce yadda na fahimta, don in Yaya Dije ta tambaya kada in ƙara ko in rage.

Ya ce ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce. 'Yan ƙwayoyin halitta ne masu yawan da ba ya ƙirguwa, ido ba ya ganinsu sai da madubin asibiti. Kowace tana da zarurruka da take miƙa wa maƙwabtanta, kuma a bakin zaren take ɗiga wani ɗan ruwa, ta gaba ta karɓa ta miƙa. Da haka tunani ke tafiya. To akwai wani sinadari da jiki ke yi kullum yana kuma sharewa. A wurin wasu in shekaru sun ja, sai ya riƙa naɗewa ba daidai ba, ya manne wa ɗan'uwansa, ya taru dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyin. Cikin ƙwayoyin kuma zaren ya harɗe.

Na ce, "Kamar abawa in kyanwa ta yi wasa da ita."

Ya ce awo, kusan haka. Ya ce kuma ƙwaƙwalwa tana da nata masu gadi, wasu ƙwayoyi da aikinsu shara da kashe baƙon abu. In sun ga tarin nan sai su taso masa, wurin ya yi wani kumburi da ba a gani daga waje. In faɗan ya daɗe, masu lafiyar da ke kusa su ma sai su jikkata.

Na ce, "Wato mai gadi ya ƙone rumbu don ya kashe ɓera."

Ya yi dariya ya ce zai ara ya gaya wa ɗalibai. Amma ya ce kada in ɗauka an gama sani, masana na ta gardama kan wanne ke fara jawo wanne. Kuma shi ba zai yanke cewa wannan ne ke damun Malam ba sai an kai shi Sakkwato an auna jini da sauransu, don akwai cututtukan da ke kama da shi waɗanda ke jin magani.

Na ce, "In wancan ne fa?"

Ya kalli masu tuwo. Ya ce ana lallaɓawa.

Na tambaye shi yadda mutum zai riƙe izu sittin a ka amma ya kasa riƙe huɗu. Ya ce karatun da aka yi tun yarinta hanya ce da aka daɗe ana bi, ta yi faɗi, ta yi rassa. Amma "raka'a nawa na yi yanzu" sawu ne na yanzun nan, kuma wurin da ke riƙe sabon sawu shi abin ke fara taɓawa.

"Ba sammu ba na, Yaya. Ba kuma alhakin kowa ba na."

Na ce na ji. Na ce masa ya ci tuwo, ya rame kamar ba likita ba.

Laraba, 21 ga Sha'aban, da hantsi

Na yi niyyar gaya wa Malam jiya. Na kai fura, na zauna, na buɗe baki, sai na ji ina ba shi labarin akuya.

Alhamis, 22 ga Sha'aban, bayan azahar

Yau na bi ta hanyar da na iya. Na durƙusa kamar lokacin da yake biya mini babin rafkanuwa ina amarya, na ce, "Allah gafarta Malam, ina da mas'ala."

Fuskarsa ta washe. Ba abin da yake so kamar mas'ala. Ya gyara zama ya ce in kawo.

Na ce, "Liman ne ya miƙe ta biyar. Na bayansa sun tabbata ta biyar ce, amma suna jin nauyinsa, suka bi shi."

Ya ce, "Sallarsu ta ɓaci. Jin nauyi ba shi cikin farillan salla, ba shi cikin sunnoninta. Zama za su yi su yi mai tasbihi. Kuma sun cuce shi, sun bar shi da kayan jama'a bisa wuya bai sani ba. Wane gari na wanga?"

Na ce mas'ala ce kawai. Na ce, "To in mace ce ta lura, maza sun yi shiru?"

Ya ce akwai malaman da suka ce ta tafa hannu, amma a mazhabarmu ita ma tasbihi za ta yi, gwargwadon yadda liman zai ji. Sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Amma in irinki ta, Malama, sai an ɗauko lasifikar masu tallan magani. Shekara talatin ina cewa 'na'am?' in kin yi magana."

Muka yi dariya. Ya sha furarsa. Na ɗauki kwano na fito. Shi ya ba da fatawa, ba ni da sauran wurin ɓuya.

Juma'a, 23 ga Sha'aban, bayan la'asar

Ranar kasuwa ce, masallaci ya cika da baƙi, 'yan albasa da direbobi, har waje aka shimfiɗa buhuna. Na roƙi Allah ya sa yau huɗu ce.

Muka ɗago daga sujadar ƙarshe. Na zauna. Sai na ji tarin Gado, sai na Magaji, sai sahu ya ɗauka. Ashe ya miƙe ta biyar.

Na ce Subhanallahi. Bai wuce haƙorana ba.

Na tuna da baƙin nan da za su hau mota su tafi da sallar haka. Na tuna da abin da ya ce jiya game da wuya. Na ɗaga kaina wajen tagar nan na faɗa da muryar da ban san ina da ita ba, irin wadda ake kiran yaro in ya nufi rijiya.

Tari ya tsaya cak. Sannan na ji motsin mutane suna zama. Ya yi tahiya, ya yi sallama, ya yi sujada biyu ta ba'adi kamar yadda yake koyarwa.

Muryata ta shiga kunnen maza baƙi. Allah ya san dalili.

Juma'a dai, bayan isha'i

Magaji ne ya ja magariba da isha'i. Malam ya shigo ya wuce turaka. Tuwo na nan a rufe.

Asabar, 24 ga Sha'aban, da hantsi

Ya kira ni bayan asuba. Na yi zaton ya manta, har na ji wani ɓangare na zuciyata yana fatan haka. Bai manta ba.

Ya ce, "Ke ta jiya."

Na ce ni ce.

"Tun yaushe?"

Na ce abin da na sani tun farkon watan nan. Na gaya masa maganar Rufa'i duka, da ƙwayoyin, da zaren, da masu gadi, da zuwa Sakkwato. Ya saurara kamar yadda yake sauraron mai kawo ƙara. Ya ce ya daɗe yana jin kamar ana ɗauke masa abu daga hannu in ya juya, amma ya ɗauka kowa haka yake ji in ya tsufa.

Can sai ya ce, "Tarin ga..."

Na sunkuyar da kai.

"Har citta na kai ma Gado." Ya fara dariya, kafaɗunsa na girgiza, ya yi ta yi har ya sa gefen rawani ya rufe fuska. Ya daɗe a haka. Na tsaya kallon tabarma, akwai wurin da ke son gyara.

Da ya sauke rawanin ya ce in aika a kira masa Magaji da Gado.

Asabar dai, bayan azahar

A zaure suka zauna, ni ina bayan asabari, ba laɓe na yi ba, shara nake yi. Ya wanke su tas. Ya ce shekara da shekaru yana koya musu, ashe tari ya koyar. Gado ya ce, "Allah gafarta Malam, ni nawa na gaskiya na, ina da mura." Malam ya ce to ya ci gaba da shan citta.

Daga nan ya ce Magaji zai riƙe limanci daga yau, har asham. Magaji ya fara kuka yana cewa ba zai iya tsayawa gaban malaminsa ba. Malam ya ce, "Ka iya tsayawa baya gare ni kana kallo ina ɓata. Gaba ta hi sauƙi."

Da ya shigo ya ce mini, "Malama, in na manta na sauka, ki tuna min. Kada ki yi tari."

Litinin, 26 ga Sha'aban, bayan azahar

Ya manta. Ina tsakar wanki ban ga fitarsa ba. Mairo ta ce da aka ta da iƙama ya wuce gaba kamar kullum ya gyara tsayuwa. Sai Magaji ya matsa ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka ce in wuce."

Malam ya dube shi ya ce, "Na ce haka?"

Ya ce, "Ka ce."

Ya ce, "To mi kake jira?" Ya koma sahu kusa da Gado.

Mairo ta ce maigidanta ya dawo gida ya ci kwano biyu.

Laraba, 28 ga Sha'aban, da yamma

Akuya ta haihu, biyu. Yaya Dije ta aiko tambaya ko an ba shi saiwar, na aika mata da gaskiya. Rufa'i ya aiko cewa zai zo ranar Asabar ya tafi da mu a auna Malam. Na fara dakan gero na kunu.

Yau sau uku Malam ya tambaye ni ko an ga wata.

Juma'a, 1 ga Ramadan, da hantsi

An ga wata jiya. Ya yi isha'i a masallaci bayan Magaji, sai ga shi ya shigo gida tun ba a fara asham ba. Na tsorata, na ce ko wani abu ya faru.

Ya ce ba komai. Ya ce Magaji yaron kirki ne amma gajerun surori zai ja saboda masu gona, shi kuwa bakinsa ya saba da izu biyu a daren farko, in bai karanta ba ba zai ji azumi ya shigo ba.

"Raka'a bibbiyu ta, Malama. In biyun ma ta gagara, kina nan. Shimfiɗa muna tabarma."

Na shimfiɗa a tsakar gida, shi a gaba, ni a baya. Ban taɓa ganin bayansa yana limanci ba sai jiya, kullum murya ce ta taga. Ashe yana ɗan karkata kai hagu in ya zo ayar rahama. Karatu ya zubo kamar gulbi da damina. Wuri ɗaya ya so miƙewa ta uku, na faɗa, ya zauna, muka gyara.

Da muka idar ya juyo ya fuskance ni yadda yake fuskantar mutane, ya yi addu'a mai tsawo, ya sa da masu ciwo da masu jinya da likitoci. Muka shafa. Ya dubi tsakar gida hagu da dama, daga ni sai akuya da 'ya'yanta.

Ya ce, "Jama'a, akwai mai sanarwa?"

Na ce, "Akwai, Allah gafarta Malam. Tuwo na hucewa."

Ya ce, "To a watse."